Wane DAC Za Ka Saya? Lissafa Karant Ɗinsa Kafin Ka Ciro Kuɗi

Duk shekara idan lokacin aikin kammala karatu ya matso, ƙannenmu masu karanta injiniyan lantarki sukan zo mini da tambaya ɗaya: wane DAC za mu saya? Wato aisin nan (IC, ɗan ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) da ke karɓar lamba daga kwamfuta ya mayar da ita wuta mai hawa da sauka. Ni kuma sai in ce a ɗauko takardar bayanai ta kamfanin da ya ƙera shi, a nuna mini karant nawa, wato yawan wutar da ke gudana, zai fito daga ƙafarsa. Wanda ya kasa, ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna.

Ni dai DAC0808 nake so, kuma ba na ɓoyewa. Tsohon aisi ne na National Semiconductor, kamfanin da Texas Instruments ya saye a 2011. Ƙafa 16 gare shi, bit 8, yana zama daram a allon gwaji ba sai an kunna dalma ba. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne karant yake bayarwa kai tsaye, kuma kai ne kake yanke masa yawansa. Za ka kawo tsayayyen boltej ta cikin rizista zuwa ƙafa ta 14. Raba boltej ɗin da rizistar, ka sami karant na ma'auni. Bolt 10 a kan 5 kΩ ya ba ka 2 mA. Bolt 5 a kan 2.5 kΩ shi ma 2 mA ne. Daga nan sai ka ɗauki lambar da ka tura, ka raba ta da 256, ka ninka da 2 mA ɗin. Ka tura 128, ka sami 1 mA cif. Ka tura 100, ka sami kusan 0.78 mA. Ka kunna duk bit takwas ɗin, 255 ke nan, ka sami 1.992 mA. A lissafi ba zai taɓa cika 2 mA ba, kuma ba lalacewa ya yi ba, taki ɗaya ne na 7.8 µA yake rage a koyaushe. Takardar da kanta ta ce a wannan gwajin za a gani tsakanin 1.9 da 2.1 mA.

Yana da nasa sharuɗɗan. Ban da bolt 5 na ƙafa ta 13, yana son wutar nagatib a ƙafa ta 3. In ka ba shi bolt 5 na nagatib, kada ka nemi fiye da kimanin 2 mA. Sai da bolt 15 na nagatib yake iya kaiwa wajen 4 mA. Sannan ƙafa ta 4 tsotsar karant take yi zuwa ciki, ba turo shi take ba, kuma tana son boltej ɗinta ya tsaya kusa da sifili. Shi ya sa takardar ta zana shi tare da LF351, wani aisin da zai mayar da karant ɗin boltej, da rizistar 5 kΩ a zagaye, a sami bolt 9.96 a ƙarshen ma'auni. Wasu na ganin wannan wahala ce. A wurina nan ne ɗalibi ke gane abin da yake haɗawa.

MCP4725 na Microchip shi ne yara suka fi rububi, don yana zuwa a ɗan allo, waya biyu kawai yake magana da su, ga bit 12, taki 4096. Aisi ne mai kyau, amma boltej yake bayarwa, kuma a kansa na taɓa ƙonewa. Na ga 25 mA a teburin da aka rubuta wa Absolute Maximum Ratings, na ɗauka abin da zai iya ba ni ke nan, na haɗa shi da na'ura mai neman 4 zuwa 20 mA. Da lamba ta yi sama sai boltej ya durƙushe, na yi kwana uku ina zargin manhajata. Wancan teburin iyakar da in ka wuce ta aisin zai iya mutuwa yake faɗa. Ainihin alƙawarin kamfani yana teburin da ke biye, kuma can da lodin 5 kΩ aka yi gwaje-gwajen, wato kusan 1 mA a bolt 5. Mai neman 4 zuwa 20 mA ya nemi AD5420, wanda don haka aka ƙera shi.

AD7524 kuwa, wani DAC ɗin daban, rizistocin cikinsa na iya kamawa daga 5 zuwa 20 kΩ, ba ka da lambar da za ka dogara da ita. DAC ɗin cikin 'yar kwamfutar nan ESP32, a ƙafafun GPIO25 da GPIO26, na gwaji ne kawai. Abin da tsohon allon Arduino Uno (R3) ke fitarwa kuma ba DAC ba ne, kunnawa da kashewa ne da sauri.

Sai maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato jabu. Tsofaffin aisi masu farin jini su ne 'yan damfara suka fi so. Sukan kankare bayan wani aisin daban mai ƙafa 16, ko wanda aka ciro daga mataccen allo, su shafa baƙin fenti, su buga sabuwar lamba. Na taɓa sayen guda goma a wani shago, mai shagon har da rantsuwa, huɗu a ciki ko motsi ba su sa mita ta yi ba. Ka jiƙa auduga da ruwan goge farce ka murza bayansa; in audugar ta yi baƙi, an taɓa shi. Ka dubi ƙafafun: sabo yana zuwa da ƙafafu a ɗan buɗe, wanda aka ciro kuwa za ka ga an miƙe su, wani lokaci da ragowar dalma. In ka sayi da yawa, jera su ka kwatanta rubutun da ɗan ramin da ke nuna ƙafa ta ɗaya. Araha fiye da kima ma alama ce, ka san an ce araha ba ta ado. Ɗan allon MCP4725 ya fi wuyar tantancewa da ido, don aisin ƙanƙane ne, gajeren lambar sirri kawai ke bayansa.

Ido yana iya ruɗuwa, saboda haka kafin ka biya ku yi yarjejeniya da mai kaya cewa za ka dawo da wanda ya faɗi gwaji. A gida ka haɗa 2 mA ɗinka, ka sa mita tsakanin ƙafa ta 4 da layin ƙasa. Kunna ƙafa ta 5 ita kaɗai, ka ga 1 mA. Ta 6, rabin haka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ta 12, kowace rabin wadda ta gabace ta, ta ƙarshe ta tsaya wajen 7.8 µA, don haka mitarka ta zama mai karanta µA. Daga nan ka tura 127, ka bi shi da 128. Dole karant ya ɗan hau. In ya sauka, ka naɗe aisin a takarda ka mayar wa mai shi ranar.