Tantalam, niyobiyam ko alminiyam: wanne ya fi riƙe bayanin kubit?

Kubit, wato ƙwayar riƙe bayani a kwamfutar kwantam, idan an yi shi da ƙarfen da lantarki ke ratsawa ba tare da tirjiya ba, ba ya jimawa da bayanin da aka ɗora masa. Ana auna hakan da T1, lokacin da kuzarinsa ke zubewa, da T2, lokacin da tsarin kaɗawarsa ke rikicewa. Kaso mai yawa na asarar daga fatar ƙarfen yake, inda siririyar tsatsa ke tsotse kuzari.

Alminiyam ya fi sauƙin sarrafawa, kuma galibi da shi ake yin mahaɗar Josephson, wato ƙarfe biyu da siririn shinge a tsakaninsu wadda ita ce zuciyar kubit, ko da wane ƙarfe aka shimfiɗa a sauran da'irar. Niyobiyam yana daina tirjiya tun daga kelbin 9.2 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga sanyin ƙarshe), sai dai tsatsarsa kala-kala ce, ga ɓarna. Tantalam ne muka fi so. Tsatsarsa ba ta da wannan gauraye, kuma yana jure wankin asid mai ƙarfi. A 2021 masu bincike na Jami'ar Princeton suka wallafa cewa T1 ya haura milisakan 0.3 da shi. Amma fa sai nau'in alfa, wanda ke daina tirjiya a wajen kelbin 4.4, kuma yawanci sai an ɗumama faifan da ake shimfiɗa ƙarfen a kansa zuwa wajen digiri 500 na Salsiyas lokacin shimfiɗawa. Nau'in beta sai ƙasa da kelbin 1. Idan za ka sayi kubit na tantalam, ka nemi adadin kelbin da yake daina tirjiya a rubuce kafin ka biya.

Faifan ko dai safaya, ko silikon mai tirjiyar da ta haura om-santimita 10,000.

Inda mutane suka fi tafka asara shi ne wayoyin cikin firij ɗin da ke sanyaya kubit mataki-mataki. Layin shigar sigina yana son na'urorin rage ƙarfi na kusan desibel 60: 20 a matakin kelbin 4, sauran a matakan ƙasa. Aka tara su a sama, hayaniyar zafi ta isa ga kubit. Aka tara su a ƙasa, su ɗumama matakin milikelbin 10. A sa matacin Eccosorb, wani sinadari mai tsotse haske, domin hasken infared yana farraƙa tagwayen elektron na Cooper, waɗanda ke ɗaukar lantarki ba tare da tirjiya ba, T1 ya faɗi. Mahaɗan waya masu rufin nikel kuwa a guje su kusa da kubit, maganaɗisu ne da su. Tantalam mai tsada ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka a fara kashe kuɗi a nan.

T1 yana hawa yana sauka cikin sa'o'i. Idan mai sayarwa ya nuna maka adadi ɗaya, mai yiwuwa mafi kyawun ne ya tsinto. Ka ce ya kawo awon da aka maimaita na yini guda a kan kubit da yawa, ka duba na tsakiya.