Sharhi kan aikin aljihun maƙogwaro da aka yi mini ta baki

Aikin nan ya yi mini rana, alhamdu lillahi. Tun da aka yi shi nake cin tuwo da nama kamar kowa, ina kuma kwanciya ba tare da fargabar abincin rana zai dawo mini baki cikin dare ba. Sai dai akwai wuraren da ban gamsu ba, kuma zan faɗe su saboda wanda ke shirin bin wannan hanya.

Lalurar ita ce wadda likitoci ke kira aljihun Zenker, da sunan wani likita Bajamushe, Friedrich Albert von Zenker, wanda ya yi cikakken bayaninta a 1877. Daidai inda abinci ke barin maƙogwaro ya gangara maƙoshi, wato bututun da ke kai abinci tumbi, akwai wata tsoka mai tsare ƙofa, wadda ke sakewa duk lokacin da mutum ya haɗiyi abu. Ga wasu mutane, galibi waɗanda suka haura sittin, kuma maza sun fi yawa, tsokar kan daina sakewa sosai. Kowace loma sai an tura ta da ƙarfi. Can baya kuwa, sama da tsokar kaɗan, bangon maƙogwaro yana da wani wuri marar ƙwari. Yau da gobe sai fatar cikin maƙogwaron ta bulluƙo ta wurin ta zama aljihu, abinci ya riƙa faɗawa ciki yana kwana.

Wanda bai ɗanɗana ba ba zai san ƙuncin abin ba. Warin baki ya sa na fara jin nauyin tsayawa kusa da mutane a sahu, duk kuwa da asuwaki da man goge baki. In na kurɓi ruwa sai a ji ƙara a wuyana. Dare kuwa tari ne da ƙwarewa, domin abin da ke cikin aljihun yana kwararowa ya nufi huhu, wanda shi ne babban haɗarin ciwon ga tsofaffi. Har ƙwayar maganin hawan jini takan dawo mini bayan sa'o'i ba ta narke ba, ma'ana ba ta kai inda za ta yi aiki ba ke nan. Na daɗe ana ba ni maganin olsa, ina sha ina ramewa.

Wani matashin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Kano ne ya gano bakin zaren da tambaya ɗaya: "Baba, abincin da ke dawo muku, da tsami yake dawowa, ko kuwa yadda kuka haɗiye shi?" Na ce yadda na haɗiye shi. Ya ce to bai taɓa kaiwa ciki ba. Ya tura ni hoton bariyom, wanda ake shan wani farin ruwa mai kauri ana ɗaukar hoto yana wucewa, sai ga aljihun ya fito sarai. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk wanda zai zura mini kyamara ta baki in fara gaya masa, don bututun na iya shiga aljihun ya huda shi.

Magani na sha ba ya warkar da wannan. Hanyoyin da aka shimfiɗa mini duk manufarsu ɗaya ce, a yanke tsokar nan da ta ƙi sakewa. Akwai tiyatar da ake tsaga gefen hagu na wuya a yanke tsokar a cire aljihun. Ta fi hana ciwon dawowa, amma jinyarta ta fi tsawo kuma ana iya taɓa jijiyar murya. Akwai wadda ake zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe ta baki a yanke a ɗinke da sitefula lokaci guda, sai dai tana buƙatar a tanƙwara wuya baya sosai, ni kuwa wuyana ya riga ya sandare. Saboda haka aka zaɓa mini ta bututu mai lanƙwasa, wadda aka fara yi tun 1995. Ba a cire aljihun a wannan hanya. Bangon da ke tsakaninsa da maƙoshi ake yankewa, don duk abin da ya faɗa ciki ya zarce ƙasa.

A wani asibitin kuɗi a Alkahira aka yi mini. An sa ni barci, na farka da zafin maƙogwaro kamar na mura mai ƙarfi, babu yanka ko ɗaya a jikina. Na yaba da yadda suka sa ido a daren farko: suna auna zafin jikina, suna shafa wuyana ko iska ta taru a ƙarƙashin fata, domin abin da ake tsoro shi ne wurin ya huje ruɓa ta gangara ƙirji. Ruwa aka fara ba ni, sannan abu mai ruwa-ruwa. Kurɓar farko da ta wuce ba tare da ta tsaya ba, sai da na yi ƙwalla.

Inda suka gaza shi ne bayani. Ba wanda ya gaya mini ciwon na iya dawowa a sake yin aikin, sai da ɗana ya tambaya ta bakin tafinta. Takardar abincin da suka ba ni kuma duk cimarsu ce, mu muka zauna muka mayar da ita koko, kunun gyaɗa da tatacciyar fura, kafin daga baya tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Kuɗin jirgi da masauki ma ba wasa ba ne, don haka ina ganin ya kamata mutum ya fara zama da likitan maƙogwaro a asibitin koyarwa na kusa da shi ya ji abin da za su iya yi masa a gida. In kuma ta kama sai an fita waje, kada ya baro asibitin sai ya karɓi cikakken rahoton aikin da hotunansa, domin su likitan gida zai duba in haɗiya ta sake yin wuya.