Ɗakin Cin Abinci a Samaru da Tukunyar Miya Marar Nama

Watanni huɗu ke nan da na daina cin nama da ƙwai da madara, kuma a tsawon wannan lokaci babu inda na fi zuwa kamar wani ƙaramin ɗakin cin abinci da ke Samaru, kusa da jami'a.

Awararsu ita ce ta fara jawo ni, domin ana daskarar da madarar waken suya da ruwan tsamiya, ba ta farfashewa a cikin mai, kuma yajinta bai yi yawa ba. Ɗanwakensu da man gyaɗa ma yana da kyau. Matsalar tana wajen miya, saboda kukar da kuɓewar duk da romon nama ake dafa su. Da na yi wa Hajiya mai wurin bayani, sai ta ce, “Malam, gobe zan ɗora maka ƙaramar tukunya da daddawa kawai.” Yanzu ɗalibai da dama suna neman wannan miyar saboda ta fi araha, har tukunyar ta ƙaru.

Na san cewa barin namana bai rage shanun da ake yankawa a mahautar Zariya ba, balle iskar methane mai ƙara ɗumamar yanayi da dabbobin ke fitarwa, amma wannan tukunyar ban taɓa zaton za ta wanzu ba.

Abin da ke damuna shi ne yaran wurin sukan zuba man shanu a tuwo bisa al'ada, don haka dole mutum ya tunatar da su kafin a kawo. Sinadarin bitamin B12 kuwa, wanda ba a samunsa a irin wannan abinci, a kantin magani nake sayensa.