Littafin jubilin farish ɗinmu: hotuna sun yi, tarihi da saura

Kwamitin jubili (bikin cika shekaru) na farish ɗinmu, wato yankin cocin Katolika da Fada ke kula da shi, ya fitar da littafin tarihin coci, ya kuma haɗa da wani zagaye: duk Lahadi bayan Mas (sujadar Katolika) na biyu, mai so ya tsaya, tsohon katikis, wato mai koyar da addini a coci, ya zaga da shi cikin majami'a yana ba da labari. Na sayi littafin, na bi zagayen. Ga mai sauri, littafin na ajiya ne, ilimin yana bakin Baba Katikis.

Takardar mai kauri ce, ɗinkin ya kama. Hotunan tsakiya su kaɗai sun isa a saya. Akwai rumfar da aka fara Mas a cikinta, akwai ranar aza harsashi, Bishop ya sunkuya da cokalin gini a hannu, wani yaro ya leƙo ta bayan rigarsa. Wanda ya fi tsayar da ni shi ne na Fada a gaban bagadi manne da bango, ya ba jama'a baya, mutane durƙushe a jikin wani dogon shinge. 'Yata ta tambaye ni ko fushi Fada yake yi da su.

Tambayarta tana kan hanya, kuma littafin bai ce uffan ba. A ƙarƙashin hoton an rubuta "Mas a zamanin da", shi ke nan. Alhali layi uku sun isa. Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta zauna daga 1962 zuwa 1965, a watan Disamba na 1963 ta fitar da tsarin sujada da ya buɗe ƙofar amfani da harsunan mutane maimakon Latin zalla, a 1964 kuma umarni ya fito cewa ya fi kyau a raba bagadi da bango domin Fada ya iya fuskantar jama'a. Daga nan ne coci-coci da yawa suka jawo bagadinsu gaba, wasu suka cire shingen da ake durƙusawa a karɓi Jibin Ubangiji. Babu sauyin da ya taɓa cikin ginin nan kamar wannan, amma marubutan sun wuce shi kamar ba su gani ba.

Sai batun ranar kafuwa. Bangon littafi ya kawo shekara ɗaya, saƙon shugaban kwamiti ya kawo wata, allon dutsen da ke ƙofar coci kuma yana ɗauke da ta uku. Babu wanda ya yi ƙarya, abubuwa uku aka cakuɗa. Ranar da aka fara Mas a wurin daban, lokacin muna reshe ne a ƙarƙashin wani farish. Ranar da aka mai da mu farish daban, kuma bisa dokar coci ta 1983, sashe na 515, Bishop na dayosis, wato yankin da yake shugabanta, ne kaɗai ke da ikon yin haka. A rubuce kuma ake yinsa. Ranar keɓe ginin ita ma daban. Da sun nemi hoton takardar Bishop sun manna a shafi ɗaya, da gardamar da dattawa ke yi har yau a bakin ƙofa ta mutu.

Kusan rabin shafukan saƙonnin taya murna ne. Na san da su aka biya maɗaba'a, ba zan tsananta ba. Abin da ya ci mini rai shi ne jerin sunaye. Kowane Fada da ya taɓa riƙe farish yana nan da hotonsa da shekarunsa. Katikis ko ɗaya babu. Su ne fa suka riƙe jama'a a shekarun da Fada ke zuwa jefi-jefi, suka koyar da masu shirin baftisma, suka raka gawa makabarta. Matan da suka ɗebo ruwan gini sun samu jimla guda, ba suna.

Zagayen ne ya cike giɓin. Baba Katikis ba ya riƙe takarda. Ya kai mu jikin bango ya nuna ƙananan gicciye goma sha biyu, kowanne da ɗan maƙalin kyandir a ƙasansa, waɗanda yawancinmu muke ɗauka ado ne. Ya ce nan ne Bishop ya shafa mai mai tsarki ranar keɓewa, shi ya sa ake kunna musu kyandir duk shekara idan ranar ta zagayo. Ya ɗaga mayafin tsohon bagadi ya nuna mana dutsen da aka sassaƙa wa gicciye biyar. Sannan ya sa muka dubi ƙasa: ga layin ramuka da aka cike da siminti mai wani launi, daidai inda shingen nan na hoto ya tsaya. Wata yarinya ta ce, "Baba, kai ma ka durƙusa a nan?" Ya ce, "Gwiwata ba ta manta ba, 'yata."

Daga nan ya kai mu ofis, sakatariya ta buɗe kabad ta ciro littafin baftisma na farko. Tawada ta koma ruwan ƙasa, kan ginshiƙan da Latin, sunayen mutane a rubuce yadda kunnen Fada baƙo ya ji su. A gefen wani suna akwai ƙarin rubutu da wani hannu da wata tawada: ranar tabbatarwa (ibadar da ke bin baftisma), can ƙasa kuma ranar aure. Haka doka ta tsara, sashe na 535, cewa a riƙa komawa ga layin baftismar mutum a ƙara waɗannan. Al'adar ajiye irin wannan rajista ta samu ƙarfin doka tun Majalisar Trent, wani tsohon taron bishop-bishop, a 1563. Wannan littafi yana ɗaki ɗaya da teburin da kwamiti ya yi ta zama a kai, kuma ban ga alamar sun buɗe shi ba.

Sakatariyar ta burge ni. Ba ta bari kowa ya taɓa shafi, ta hana ɗaukar hoto, ta ce sirrin iyalan mutane ne. Daidai ne.

Zagayen yana da nasa cikas. Muryar Baba ta yi ƙasa, babu lasifika, ga mawaƙan coci suna gwaji a lokacin, na baya ba sa jin komai. Kuma babu wanda aka sa ya naɗi maganarsa ko da a waya, mutumin da sai an riƙe masa hannu a matakala. Kuɗin shafi biyu na taya murna da ya yi wannan aikin.

Mai neman takardar baftismarsa ko ta iyayensa kada ya zo ranar Lahadi, ofis a cike yake. Ya zo tsakiyar mako da cikakken suna, sunayen iyaye, da kiyasin shekara, domin rajistar bisa jerin kwanaki take, ba bisa haruffa ba.