Kafin ka sayi maganin kyankyaso: feshi, alli, ko na sirinji?

Duk wanda ya taɓa kunna fitilar kicin da tsakar dare ya ga kyankyasai sun watse daga kan murfin tukunya ya san takaicin da ke sa mutum ya sayi duk abin da mai talla ya miƙo masa washegari. To amma kafin ka zaro kuɗi, duba wane iri ne ya addabe ka, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai babban nan ja mai tashi, wanda ke fitowa daga masai, sokawe da kwata. Shi kiwo kawai yake shigowa yi. Akwai kuma ƙarami mai ruwan ƙasa, da layi biyu baƙaƙe a bayan kansa, wanda masana ke kira kyankyason Jamus. Wannan ɗan gida ne. Bayan firji yake zama inda inji ke da ɗumi, da lungun kabad, da cikin soket, da tsagar bango. Macen tana yawo da jakar ƙwai 30 zuwa 40 maƙale a bayanta, cikin kamar wata guda su ƙyanƙyashe. Idan ka fara ganinsu da rana tsaka, to maɓoyarsu ta cika ne har ta yi musu kaɗan.

Maganin feshi na gwangwani shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa. Wanda ka fesa wa zai mutu a gabanka, ranka ya yi sanyi. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba: feshin ba ya ratsa jakar ƙwai, ba ya kai wa can cikin tsaga, kuma warinsa kan kora sauran su bazu zuwa ɗakin kwana. Ƙananan ma a wurare da dama sun riga sun saba da irin sinadarin da ke ciki. Ka ajiye gwangwani ɗaya saboda babban da ya shigo da dare, amma kada ka dogara da shi.

Allin nan da ake zana layi da shi yana kashewa, kuma yana da araha. Ni dai ban yarda da shi a gidan da ke da yara ba. Kamarsa ɗaya da allin makaranta, mai rarrafe zai shafa layin ya kai hannu baki, kuma sau da yawa babu lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalin.

Fiya-fiya da Sniper kuwa, don Allah a raba su da ɗaki. Sinadarin da ke cikin Sniper, wato dichlorvos, na gona ne, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna. Fiya-fiyar da ake ƙullawa a kwalabe babu wanda zai gaya maka ƙarfin haɗinta. Wadda ta fi su muni ita ce ƙwayar da ake sa wa buhun wake, da wasu ke kira bom. Iska mai guba take fitarwa, tana bi ta ƙasan ƙofa da silin, kuma an sha rasa rayuka cikin barci a dalilinta. Babu kyankyason da ya kai a yi wannan kasada dominsa.

Abin da na fi ba da shawara ga mai fama da ƙananan shi ne maganin sirinji, mai kauri kamar man goge baki. Abinci ne aka haɗa da guba mai aiki a hankali, galibi fipronil, imidacloprid ko indoxacarb, kuma za ka ga sunan a jikin kwalin. Kyankyaso zai ci ya koma maɓoya ya mutu a can, 'yan'uwansa su ci kashinsa da gawarsa, su ma su bi shi. Ta haka maganin ke isa inda hannunka ba zai taɓa kai wa ba. Ya fi gwangwani tsada, kuma yana son haƙuri, don sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ake ganin bambanci sosai. Ana ɗiga shi ne kamar ƙwayar dawa, wurare da yawa, a lungunan da ka ga ɗigo-ɗigon baƙin kashinsu kamar garin masoro. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: a yi feshi a kusa da shi, warin ya hana su ci, ko a kwana da kwanuka ba a wanke ba, su ƙoshi da tuwo su bar maganin. Bayan wata guda a sake ɗigawa saboda sababbin ƙyanƙyasa. In an daɗe ana amfani da iri ɗaya, a sauya zuwa mai wani sinadarin.

Garin da ake sayarwa a ƙananan ledoji shi ma ta hanyar ci yake aiki, kuma ya fi sauƙin kuɗi. A zuba shi a murfin kwalba, a tura can ƙarƙashin kabad inda yaro ko kaza ba za su kai ba. Tarkon gam ba ya ƙarar da su, amma yana nuna maka kusurwar da suka fi yawa.

Mai gidan abinci, gidan burodi ko shagon tireda, gara ya kira ƙwararrun masu feshi. Ka tambaye su sunan sinadarin, ka ga kwalbar da idonka, ka ji awa nawa za a rufe wurin, kuma ku yi ciniki har da dawowa karo na biyu bayan mako biyu zuwa huɗu. Wanda ya ce haɗinsa sirri ne, sallame shi. Kwalayen kaya kuma a zazzage su a waje, don a cikinsu ƙwai ke shigowa daga sito. A gidan haya, sai an haɗa kai da maƙwabta an yi rana ɗaya.

Shi kuwa babban ja, kuɗinka ya fi amfani a wajen magini: murfi mai kama bakin masai, raga a kan bututun iskar sokawe, siminti a tsagar da bututun ruwa ya ratsa bango, sannan a gyara famfon da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke.