Ruwan da ya riga mu shiga kwamin ninkaya: sharhi kan kamfanin da ya tsane mini rami a Kaduna

Tun kafin a sayi tayil ko ɗaya yarana suka samu abin da suke nema, domin kwana 5 da fara haƙa muka wayi gari ramin ya tara ruwa har gwiwa, alhali ko ɗigon sama bai sauka ba a daren. Gidan namu yana Kaduna, a gangaren da ke sauka wajen kogi, kuma a ƙarshen watan Yuli muka fara aikin. Kwamin da na yi niyya ba babba ba ne: tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi, wato lita 48,000 in ya cika.

Da na sauka na duba, a kusurwar gabas ga wani ɗan ido yana ɓulɓulowa, yashi na juyawa a bakinsa kamar tukunya ta fara tafasa. A bangon ramin kuma ana ganin inda jar ƙasa ta ƙare laka ta fara, daidai nan ruwa yake tsattsafowa yana gangarawa shiru. Birkilan da ya fara mini aikin, dattijo ne mai hannu, amma gidaje ya saba ginawa. Ya ce, "Alhaji, wannan ba komai ba ne, a kwashe da bokiti, a zuba maganin ruwa a siminti." Na ce, "To Baba, ku ne kuka sani." Aka kwashe, aka zuba kankaren shimfiɗa da la'asar. Da safe ruwan ya dawo fari-fari kamar an dama gasara, ya wanke simintin ya bar mana tsakuwa tsirara. Bayan kwana 2 gefen da ke kusa da katangar maƙwabcina ya zabtare, to a nan ne na daina jin barci.

Wani abokina ya haɗa ni da kamfanin da nake son yin magana a kansa. Ba zan kama suna ba, tunda akwai yabo akwai kuma ƙorafi. Ƙaramin kamfani ne, injiniya ɗaya da yaransa, aikinsu tankunan ƙasa da kwamin ninkaya.

Abin da ya fara burge ni, ranar farko bai kawo siminti ba, bai kawo sinadari ba. Sanda ya kafa a cikin ramin, ya sa aka zuƙe ruwan tas, ya zauna a kan bulo da agogonsa yana rubuta yadda ruwan ke hawa. Da na gaji na ce, "Injiniya, yaushe za a toshe idon nan?" Ya ce, "Yallabai, ba a toshe shi. In ka danne shi a nan, can zai ɓullo. Hanya za mu ba shi." Daga nan ya yi mini wani lissafi a bayan buhun siminti, wanda har yau shi ne mafi amfanin abin da na biya kuɗi a kansa.

Ga yadda yake. Ruwa mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, lita 1,000 ne, nauyinsa tan 1. Gindin kwamina, in an haɗa da kaurin bango, ya kai murabba'in mita 37. Idan ruwan ƙasa ya hau mita 1 sama da gindin, yana tura kwamin sama da ƙarfin tan 37. Shi kuwa kankaren gaba ɗaya, daɓe da bango masu kaurin santimita 20, nauyinsa bai wuce tan 36 ba. In kwamin cike yake, tan 48 na ruwan ciki sun danne shi, babu fargaba. Amma ranar da aka kwashe shi cikin damina, ya zama kwalekwale: yana iya ɗagawa, ya karkace, bututun da aka binne su tsinke. Ni da nake tunanin matsalar ita ce kada ruwan waje ya shigo ya ɓata mini na ciki, ashe babbar matsalar tana ƙarƙashi. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah da na yi haƙar a damina. Da a watan Maris ne, da ramin ya fito a bushe ƙayau, mu gina abinmu cikin murna, Agusta ta zo ta ba mu labari.

Aikin da suka yi, na tsaya a kansa kusan kullum. Sun haƙa wata siririyar rijiya a wajen kusurwar da idon yake, ta fi ramin zurfi da kamar mita 1, suka jera mata kwalbati, suka zagaye da tsakuwa. A gindin ramin suka yanka 'yan hanyoyi masu gangara zuwa rijiyar, suka shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri kamar bargo wanda ruwa ke ratsawa amma yashi ba ya bi, suka kwantar da bututu masu huji, suka rufe da tsakuwa. A cikin rijiyar aka saka sumo, wato famfon da ake nutsawa cikin ruwa, mai 'yar ƙwallon roba, ruwa na hawa ta tashi da kanta, yana sauka ta mutu. Kwana 2 da kunna ta na taka gindin ramin da takalmin zuwa masallaci ban ɗebo laka ba. Gefen katangar kuwa suka tokare shi da katako kafin komai.

Sai a kan wannan busasshen wuri aka shimfiɗa leda, aka sake kankaren shimfiɗa, aka ɗaura rodi a kan 'yan guntayen simintin nan da magina ke kira biskit don kada ƙarfe ya kwanta a ƙasa. Wurin da injiniyan ya fi tsayawa a kai shi ne mahaɗar daɓe da bango. Tunda ba rana ɗaya aka zuba su ba, nan ne ruwa ke samun kafa. Wata roba mai faɗi kamar bel suka kafa a zagaye, rabinta a cikin daɓen, rabi na jiran bango. Na ga ya sa wani yaro ya kwance wajen mita 2 saboda robar ta kwanta. Maganin ruwan da Baba ya ambata shi ma an zuba a kankaren, kuma yana da amfaninsa, sai dai shi ne na ƙarshe a layi. An yi amfani da injin girgiza sosai, aka riƙa shayar da kankaren sama da mako guda, kuma ya hana a ɗora masa wani nauyi na kirki kafin kwana 28.

Yanzu ga inda suka ɓata mini rai.

Sumo ta farko da suka kawo ta ruwa mai tsabta ce, irin ta rijiyar burtsatse. Cikin kwana 3 yashi ya cinye ta. Mai wannan sana'a bai kamata ya yi irin wannan kuskuren ba. Sun canza da wadda aka yi don ruwan laka, ba su caje ni ba, amma kwana ɗaya da rabi ya tafi. Na biyu, a takardar kuɗin da suka ba ni babu man janareta, alhali sun san famfon ba ya hutawa dare da rana har tsawon makonni. Kuɗin fetur kaɗai ya isa a sayi tayil ɗin rabin kwamin. Da sun faɗa tun farko da na shirya, bakin da uwargida ta yi mini ma da ya ragu, don ita dama tun farko shago take so a gina a wurin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne daren da aka ɗauke wuta, janareta ya shanye mai, yaron da suka bari gadi ya yi barcinsa. Kukan kwaɗi ne ya tashe ni wajen ƙarfe 3. Na haska tocila, ruwa ya rufe daɓen da aka zuba kwana 4 da suka wuce. Na kira injiniya sau 6 bai ɗauka ba. Injin ban-ruwa na wani maƙwabci mai lambu muka aro da asuba muka zuƙe. Allah ya taimaka daɓen ya riga ya kama, kuma tunda babu bango tukuna ruwan hawa kansa ya yi ya zauna. Da safe injiniyan ya ba da haƙuri, ya kawo famfo na biyu ya ajiye. Abin da ya kamata a ce yana nan tun ranar farko.

Akwai kuma ruwan da ake zuƙewa. Su kwatar titi kawai suka miƙa wa tiyo, layinmu ya zama taɓo, sai da na bi gida-gida ina ba da haƙuri, na kuma sayi ƙarin tiyo zuwa babbar magudana. Ɗan bawul ɗin da ake sawa a magudanar gindin kwami, wanda ke buɗewa ya bar ruwan ƙasa ya shigo in matsinsa ya fi na ciki, shi ma sai da na tambaya kafin a sa shi a lissafi, muka jira shi mako 2 daga Legas.

Da aka gama, injiniyan ya cika kwamin kafin a manna tayil, ya ajiye bokiti da ruwa a kan matakala, ya yi wa kowanne alama. Bayan kwanaki abin da ya ragu a kwamin daidai yake da abin da ya ragu a bokitin, wato rana da iska ne suka sha, babu yoyo. Wannan gwajin ya kwantar mini da hankali fiye da kowace takardar garanti.

Wanda ya tambaye ni, zan tura shi wurinsu, amma da sharaɗi: a rubuta famfo 2 na ruwan laka, da mai, da inda za a zubar da ruwa, da lambar wanda zai ɗauki waya da tsakar dare, duk a cikin yarjejeniya. Kuma a kira su kafin a sa diga, su haƙa ɗan ramin gwaji a bar shi ya kwana. Aikin ruwan ƙasan ya ƙara mini kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da na ware, kuma rabin wannan ƙarin ɓarnar farko ce da gyaran katanga.

Rijiyar tana nan, mun yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo saboda yara, da ruwanta ake shayar da ayaba da zogalen bayan gida. Damina 2 ke nan kwamin bai motsa ba. Akwai tayil 3 da suka ɗaga a wajen matakala, mai gyara ya so a kwashe ruwan a makon jiya. Na buɗe murfin na zura sanda, ruwa na nan sama da gindin kwamin sosai. Na ce masa ya dawo a watan Fabrairu.