Sharhi kan ƙwayoyin HUVEC masu ƙyalli wajen gwada haidirojel

Ƙwayoyin halittar da na saya domin gwajin haidirojel (jel mai riƙe ruwa da ake renon ƙwayoyi a cikinsa) a ɗakin bincikenmu su ne waɗanda ake kira HUVEC, wato waɗanda ke shimfiɗe a cikin jijiyar cibiyar jariri, kuma an dasa musu ƙwayar gadon furotin GFP, wanda ke sa su ƙyalli kore idan aka haska su da shuɗin haske na nanomita 488. Furotin ɗin ya samo asali ne daga wata halittar teku mai suna Aequorea victoria, kuma binciken da aka yi a kansa ne ya kai masana kimiyya Shimomura da Chalfie da Tsien ga kyautar Nobel a 2008.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ba sai na lalata samfuri ba kafin in san halin da yake ciki. A da, duk ranar da za mu duba, sai mu zuba rini mu zubar da jel ɗin bayan mun ɗauki hoto. Yanzu kuwa jel ɗaya nake bi kwana da kwanaki, in mayar da shi na'urar ɗumama ƙwayoyi a digiri 37 na ma'aunin Celsius bayan kowane kallo. A cikin jel ɗin aljinet zalla, wanda ake tatsa daga ciyawar teku, ƙwayoyin sun tsaya dunƙule kamar tsabar gero, domin babu inda za su maƙale. A cikin GelMA kuwa, mai tushen jelatin, na gan su suna miƙe jiki, suna tura siraran rassa har su haɗu da maƙwabtansu, abin da duk mai fatan gina jijiyar jini yake son gani.

Sai dai kore ba ya nufin rai, kuma wannan ne abin da nake so sabon mai saye ya riƙe. Ƙwayar da ta mutu takan ci gaba da ƙyalli na ɗan lokaci, don haka har yanzu ina ƙara jan rini mai shiga matattu kaɗai. Ƙyallin kuma yana dusashewa idan aka daɗe ana haskawa, ƙwayoyin ma ba sa jure yawan raba su zuwa sabbin faranti, ga shi farashinsu ba na wasa ba ne.

Ga jel mai kauri, madubin ƙara girma na yau da kullum hazo kawai zai nuna. Sai da na koma na'urar konfokal, wadda ke ɗaukar hoton samfuri sala-sala, kafin na iya tantance ƙwayoyin tsakiya, inda iskar oksijin ba ta cika isa ba, da na gefe.